Baba Tsinke da Sarƙar da Ta Koma Hagu

Mai gyaran keken da ke zama a gindin bishiyar ƙofar ofishinmu ne ya fara gani. Ranar Litinin ce da safe. Ma'aikata biyu suna kan tsani suna ɗaure babban allon tallar sabon kan sarkin da za a fitar, ni kuma na tsaya a ƙasa ina kallo, kaina sai kumbura yake. Hoton da a kan ambulan bai fi faɗin babban yatsa ba, ga shi an buɗa shi ya kai tsawon mutum biyu: mai raba wasiƙu a kan kekensa, da jar jaka a kafaɗa.

"Malama," in ji mai gyaran keken, yana goge hannu da tsumma, "a wace ƙasa ake ƙera irin wannan keken?"

Na yi dariya, na zaci yabo ne. Na ce, "Ya yi kyau ko?"

"Kyau kam ya yi. Amma shekarata talatin ina gyaran keke, ban taɓa ganin mai sarƙa a hagu ba. Duk wanda ya hau keke, sarƙa tana wajen ƙafarsa ta dama. Ko na yara ne haka yake. Wannan kuwa dubi." Ya nuna da sifana. "In aka kawo mini shi, sai dai in ce a mayar wa mai shi."

Na ɗaga kai na duba. Na sake dubawa. A ginin nan kaf ni kaɗai na san yadda aka yi sarƙar ta koma hagu. Ni na juya hoton. Kuma an riga an buga guda miliyan biyu, suna kulle a ɗakin ajiya, suna jiran ranar fitarwa.

Zanen ba nawa ba ne. Na Baba Tsinke ne, kuma shi ne na ƙarshe a aikinsa.

Wata bakwai ke nan da aka ɗauke ni aiki a sashen zanen kan sarki na hukumar gidan waya, ina gama jami'a. Sashen kansa ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, mai taga biyu da fanka mai kuka. Tebur biyu ne a ciki. Nawa yana da kwamfuta. Nasa yana da fitila mai dogon wuya, da gilashin ƙara girma wanda aka ɗaure mariƙinsa da zare, da kofin shayi, da wani kofin na wanke buroshi. Sau biyu na ga ya kurɓi na buroshin, kuma duka biyun ya ce ba laifi, launin ƙasa ne.

Ana ce masa Baba Tsinke saboda abu biyu. Shi kansa siriri ne, dogo, in iska ta kaɗa babbar rigarsa sai ka rasa inda mutumin yake a ciki. Sannan duk sabon buroshin da aka kawo masa sai ya zauna ya tsige gashinsa, har ya rage sili uku ko huɗu, da su yake zana ƙwayar idon tsuntsu. Ni kuma tun ranar farko, da na miƙa masa takarduna, ya duba su sama da ƙasa ya ce, "To, Digiri, ga kujerarki." Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinsa ba.

Bai yi karatu mai zurfi ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga gidan waya a matsayin mai ware wasiƙu. Da lokacin hutu sai ya ɗauki ambulan da suka lalace yana zana abokan aikinsa a bayansu. Wata rana ya zana shugaban ɗakin yana gyangyaɗi, baki buɗe, zanen ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun mai shi. Kowa ya ce korarsa za a yi. Shugaban kuwa ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Har haƙorina da ya karye ka sa?" Ya kama hannunsa ya hau da shi hawa na biyu. Shekara arba'in da ɗaya ke nan bai sauko ba.

A cikin shekarun nan ya zana kan sarki ɗari da talatin da wani abu. Tsuntsaye, kifaye, gadoji, jirgin ƙasa, ungozoma da jariri, malami a gaban allo. Babu wanda aka taɓa janyewa saboda kuskure, kuma wannan ne kaɗai abin da na taɓa jin yana alfahari da shi. Sunansa ba ya kan ko ɗaya. Ya ce mini mutane miliyoyi sun lashi bayan aikinsa, amma in ya je sayen kan sarki a ƙasa, layi yake bi kamar kowa.

Yadda yake aiki ne ya fara ba ni haushi, daga baya ya sa na ƙaunace shi. Yana zana hoton da girma, ninki shida. Sannan in rage masa shi a kwamfuta zuwa ainihin girmansa, in buga. Ya yanke, ya manna a kusurwar tsohuwar ambulan, ya ɗauko wani tsohon hatimi ya doka masa baƙin tawada a fuska ba tausayi. Ya jingina ambulan ɗin a taga, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Daga nan sai ya leƙa waje ya yi kira.

"Iya! Zo ki ga wani abu."

Iya mai shara ta shigo da tsintsiyarta, ta ƙanƙance ido.

"Me kika gani?"

In ta ce "kifi" nan take, an gama. In ta tsaya ta ce, "To... kamar dai ganye, ko kuwa takalmi ne?" sai ya yaga aikin mako uku ya jefa a kwando. Na taɓa ce masa, "Baba, ai Iya ba ta san zane ba." Ya ce, "Digiri, mutum nawa ne cikin masu aika wasiƙa suka san zane? Don Iya ake yi, ba don malamanki ba."

Yana da dokoki, kuma na rubuta su duka a bayan littafina kamar za a yi mini jarrabawa. Kada launi ya wuce huɗu. A bar wa hatimi wurin sauka. Babbar cikinsu, wadda ya maimaita mini ta fi sau ashirin, ita ce: kan sarki yana zama a kusurwar dama ta sama, don haka duk mai rai da ke cikinsa sai ya fuskanci hagu, ya kalli cikin ambulan, wajen sunan wanda aka rubuta wa. "Tsuntsu ne, mutum ne, jaki ne, kada ya ba wa mai wasiƙa baya," in ji shi. "Rashin ladabi ne."

Da aka ce a yi kan sarki na girmama masu raba wasiƙu, kowa ya san da shi zai yi sallama, don lokacin ajiye aikinsa ya kusa. Wata uku ya yi a kansa. A lokacin yanar ido ta riga ta ci ƙarfinsa, yana ɗora gilashin ƙara girma a kan tabarau, hancinsa har yana taɓa takarda. Wani lokaci sai ya miƙo mini kwalbar fenti ya ce, "Karanta mini, ja ne ko ruwan ƙasa?" Ranar da ya gama, likita ya riga ya sa ranar da za a yi masa aikin ido. Ya miƙo mini zanen cikin takarda mai laushi ya ce, "Ɗauki hotonsa ki aika maɗaba'a. Kada ki taɓa komai."

Da ya tafi na buɗe. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ana iya ƙirga wayoyin ƙafar keken, ana ganin sarƙar ɗaya bayan ɗaya tana ƙyalli kamar yanzu aka zuba mata mai. Amma mai keken yana fuskantar dama. Ya ba wa ambulan baya.

Tausayi ne ya kama ni. Na ce a raina, wayyo Baba, tsufa da ciwon ido sun sa ya manta dokarsa a aikinsa na ƙarshe. Na tuna masu tara kan sarki da ba sa barin komai ya wuce, na ga yadda za su ce dattijon ya rikice. A kwamfuta kuwa juya hoto abu ne na danna maɓalli ɗaya. Babu rubutu a cikin zanen da zai birkice, don rubutun da kuɗin kan sarkin daban ake ɗora su. Na danna. Mai keke ya juyo ya kalli hagu cikin ladabi. Na aika. Har na tsara yadda zan gaya masa bayan an fitar, in mutane suna ta yabo, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Digiri, kin rufa mini asiri."

Da gwajin farko ya zo daga maɗaba'a, sai da sa hannunsa za a ci gaba, don haka na kai masa gida. Yana zaune a falo, ido ɗaya a liƙe da bandeji, ɗayan kuma bai fi ganin inuwa ba, shi ma yana jiran nasa aikin. Mama, matarsa, ta kawo mini ruwa, sannan ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kujera don ta nuna mini abin da ta ce shi ne dukiyarta. Ambulan ne cike, kowace da kan sarkinsa. Ashe duk ranar da aka fitar da sabon aikinsa, sai ya sauka ƙasa ya saya, ya aika mata wasiƙa zuwa gidan da zai koma da yamma.

"Buɗe ɗaya ki gani, 'yata," in ji ta. "Buɗe kowace."

Na buɗe uku. Kowace kalma biyu ce a ciki: *Ya fito.*

"Kin gani? Shekara arba'in. Ko sau ɗaya bai rubuta 'ina kewarki' ba. Ko 'yaya yara'."

"To mene ne 'ya fito' in ba shi ba?" in ji Baba. "Ke dai ba ki iya karatu ba ne."

"Ni ce ban iya karatu ba? Wa ke karanta maka takardar magani?"

Muna cikin dariyar ya ce in riƙe gwajin kusa da taga, in zama idonsa.

"Jan jakar ya fito, ko ya yi duhu?"

"Ya fito, Baba."

"Haƙoran nan na gefen kan sarkin ba su ci hoton ba?"

"Ba su ci ba."

"Sarƙar fa? Ana ganinta?"

"Ana ganinta tsaf."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Na kama yatsansa na ɗora a kan layin, ya sa hannu. Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yanzu. Duk abin da ya tambaya na faɗi gaskiya. Abin da bai tambaya ba na riƙe.

Ranar Litinin ɗin nan da aka ɗaura allon ita ce ranar da zai dawo aiki, bayan an yi masa ido na biyu. Ban san yadda na hau matakala ba. Na buɗe ainihin zanensa na ajiye kusa da nawa, ina fatan mai gyaran keken ne ya yi kuskure. Bai yi ba. A zanen Baba keken yana fuskantar dama, sarƙar tana ɓangaren mai kallo, daidai inda take a kowane keke. Da na juya shi, sai ta bi shi ta koma hagu. Na shiga banɗaki na wanke fuska sau uku. Na yi tunanin in ce maɗaba'a ce. Na yi tunanin in ɗauki jakata in tafi, kada in sake dawowa.

Wajen ƙarfe goma na ji takunsa. Ya shigo da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aikin ido, ya yi sallama, na amsa da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Ya rataye hularsa a ƙusa. Ya goge teburinsa. Ya haɗa shayi, ya zauna, ya kurɓa sau biyu. Ta ƙofar da allon yake ya shigo, babu yadda za a yi bai gani ba.

"Digiri."

"Na'am, Baba."

"Wa ya juya mini ubana?"

Sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa komai, har da albarkar da na yi zaton zai sa mini. Na ce dokarsa na bi, na zaci mantuwa ya yi. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka shi ma kukan yake, ashe dariya ce.

"Wato dokata ce ta cije ni," in ji shi. "Na yi ta ɗura miki ita kamar magani, ban gaya miki ranar da ake ajiye ta ba."

Ya cire tabarau ya share ido a hankali da gefen hankici. Ya ce mutumin da ke kan keken mahaifinsa ne. Shekara ashirin da shida yana raba wasiƙu, kuma bai taɓa fita da safe ba sai ya kifa keken, ya bi sarƙar da mai ɗigo ɗigo, yana cewa in ta tsinke a hanya, wani zai kwana bai ji labarin ɗansa ba. Abin da Baba ya fi tunawa da shi ke nan, fiye da fuskarsa ma. Kuma sarƙa ba ta fitowa sosai sai keke ya fuskanci dama. Shi ya sa, sau ɗaya a shekara arba'in da ɗaya, ya karya dokar da gangan.

"Kuma mai raba wasiƙa ai fita yake yi," in ji shi. "Ba shi aka rubuta wa ba."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba? Ga bakina, ido ne ya lalace."

Ya miƙo mini shayinsa ya ce in sha. Na duba kofin sosai kafin in kurɓa, ya ce, "Na shayin ne, ja'ira."

A ranar aka sauke allon. Ranar Alhamis kwamiti ya zauna, mutum shida da shugaban sashenmu. Tun a matakala Baba ya ce in yi shiru, sa hannunsa ne a kan gwajin, shi kuma saura kwanaki ya tafi, ni kuwa ko tabbatar da ni ba a yi ba. Na ce to. Amma da ya miƙe ya fara cewa shi ya amince da aikin, sai na ji ni ma na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na juya hoton. Bai sani ba."

"Zauna, Digiri. Ni na sa hannu."

"Ni na ɗora yatsanka a kan layin!"

"Yatsan wa? Nawa ne ko naki?"

Shugaban sashe ya dafe kai ya ce shekararsa ashirin yana zaman kwamiti, bai taɓa ganin mutum biyu suna rigima a kan laifi kamar masu rabon gado ba.

Wani daga cikinsu, mutum mai kirki, ya nemi ya sauƙaƙa. Ya ce a fitar da shi haka kawai. A kan ambulan abin bai kai farce ba, wa zai tsaya duba sarƙa? Wannan ne zai tsame mu duka. Na kalli Baba ina roƙonsa da ido.

"A'a," in ji shi. "Masu raba wasiƙu aka ce za a girmama. Su ne za su riƙe shi a hannu kullum, kuma babu wanda ya kai su sanin keke. Ba zan ba su abin da za su yi wa dariya ba. In za a sake bugawa daidai, na gode. In ba za a iya ba, a ƙone shi, in tafi ba na ƙarshe."

Aka bayyana mana cewa takardar da ake buga kan sarki da ita ta musamman ce, wadda ta rage kuma an riga an ware ta don wani aikin. Shugaban hukuma ne kaɗai zai iya cewa a karkatar da ita, ko a jinkirta, ko a soke gaba ɗaya. Aka rubuta masa, aka ce mu jira.

Tun ranar ba na iya cin abincin rana. Nakan buɗe hoto a kwamfuta in kasa taɓa komai, sai na tambaye shi sau biyu. Jiya ya ce in na sake tambayarsa ko shuɗi shuɗi ne, zai sa a mayar da ni ɗakin ware wasiƙu. Shi kuwa ya fara kwashe kayansa, aljihun tebur ɗaya kowace rana. Yana fito da tsofaffin zane yana ba ni labarinsu, wanne ne aka yi gardama a kansa, wanne ne ya zana ranar da aka haifi 'yarsa ta fari. Yana yi kamar abin bai dame shi ba. Amma duk lokacin da wayar ofis ta yi ƙara, hannunsa yakan tsaya cak a cikin aljihun teburin, har sai na ɗauka na ce ba su ba ne.

Yau Laraba. Saura kwana tara ya ajiye aiki. Shugaban hukuma ya dawo daga tafiya tun shekaranjiya, sakatariyarsa ta ce takardar tana kan teburinsa. Har yanzu ba a kira mu ba.